Kurakuran da mahaya babur suka fi yi a duwatsun Ladakh

Da zarar ƙanƙara ta narke aka buɗe hanyar Manali zuwa Leh, wajen watan Mayu ko Yuni, mahaya babur sukan yi tururuwa zuwa Ladakh, a arewacin Indiya. Garin Leh kansa, babban garin Ladakh, yana kan tsayin kusan mita 3,500, mashigin Khardung La kuwa, inda hanya ke tsallaka saman dutse kusa da Leh, mita 5,359. Idan aka kai mita 5,000, oksijin da numfashi ɗaya ke shigarwa bai fi rabin na bakin teku ba sai da kaɗan. Mutum yana ji a jikinsa, inji ma yana ji.

Kuskuren da ke iya kashe mutum shi ne gaggawa. Wani zai sauka daga jirgi a Leh yau, ya ɗauki hayar babur, gobe da sassafe ya nufi Khardung La. Ciwon hawan tsauni yakan fara tun daga mita 2,500: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa. Ba ruwansa da ƙarfin jiki, matashi majiyin ƙarfi ma yana kwantar da shi. Shi ya sa hukumomin Leh suke cewa baƙo ya huta awa 48 kafin ya ƙara hawa, kuma ina roƙon kowa ya bi wannan. Akwai maganin da ake kira acetazolamide mai taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta maka. Idan ka ga abokin tafiyarka yana haki alhali a zaune yake, yana tari, ko yana tangaɗi maganarsa na sarƙewa, mai yiwuwa ruwa ne ya taru a huhunsa ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi ya tuƙa. A saman mashigin ma kada a daɗe ana ɗaukar hoto.

Shi kuma inji, duk hawan mita 300 yana cin kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Babur mai kafireto ya fi shan wahala, domin mai ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan. Sai ka ji yana kakari, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, ka kwance fulogi ka tarar ya yi baƙi ƙirin. Mahayi ya yi ta murɗa totur, abin sai ƙara dagulewa yake. Gyaran shi ne makanike ya sa ƙaramin jet, wato kafar da mai ke bi a cikin kafireto, kafin a hau, a wanke matatar iska, a riƙe fulogi na ajiya. Wasu sukan cire matatar gaba ɗaya wai inji ya sha iska, ƙurar hanya kuwa ta shiga ta cinye fistin. In an sauko a mayar da tsohon jet, in ba haka ba inji zai yi zafi. Sababbin babura masu injekta suna daidaita man da kansu, sai dai ƙarfin da ya ragu ba ya dawowa, don haka a yi lissafi kafin a sha gaban babbar mota a kwana.

A gangara, wanda ya matse kuloci ya dogara da birki kaɗai zai ji birkin ya yi zafi ya daina kamawa. A sa giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe babur, a riƙa taɓa birki jefi-jefi. Masu saukowa daga Mambila zuwa Mayo Selbe sun san wannan.

Sai rafukan da ke tsallaka titi. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, da safe bai wuce idon sawu ba, rana na yin zafi sai ya cika ya fara mirgino duwatsu. A tashi da wuri a wuce su kafin azahar. A tsaya a duba inda motoci ke bi, a shiga da giya ta ɗaya, kada a saki totur a tsakiya. A kuma ajiye busasshiyar safa cikin leda, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa a wannan sanyin takan mutu har mutum ya kasa jin birkin baya.