Kurakuran da Ake Yi Wajen Auna Nauyin Aiki a Lokacin Zafi

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ba rana kaɗai ke kayar da lebura ba. Jikinsa ma yana hura tasa wutar daga ciki, kuma iya nauyin aiki iya ƙarfin wutar. Shi ya sa masana lafiyar ma'aikata suka kasa aiki gida huɗu. A ma'aunin ƙungiyar ACGIH ta Amurka, aiki mai sauƙi yana sa jiki ya ƙona kusan wat 180 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki), matsakaici 300, mai nauyi 415, mai tsananin nauyi 520. Da wannan rabon ake yanke tsawon hutu, don haka in aka kuskure shi, sauran lissafi ya tashi a banza.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin sunan sana'a. A littafin helluma kowa lebura ne. To amma je ka tsaya ranar zuba kankaren bene. Wani yana tsaye gefen injin kwaɓa siminti yana zuba ruwa da bokiti. Wani kuwa kwanon kankare ne a kansa, yana hawa tsani, ya juye, ya sauko da sauri, kafin ya share gumi an sake ɗora masa. Sunansu ɗaya, kuɗinsu ma wataƙila ɗaya, amma na biyun yana gidan ƙarshe. Gyaran ba wuya: a tsaya a kalli mutum, a rubuta abin da jikinsa ke yi, ɗauka ne, haƙa ne, hawa ne, kuma sau nawa.

Sai masu raba nauyin aiki a kan yini guda. Za su ce ai yawancin lokaci yaran a zaune suke. Gaskiya ne, har sai tirelar siminti ta iso da ƙarfe biyu na rana, aka shiga sauke buhuna masu kilo 50. Wannan awar ce ke kwantar da mutum, kuma ita ake aunawa, ba ta safe ba.

Kada kuma a dogara da amsar ma'aikaci. Wanda ake biya kullum ba zai ce maka ya gaji ba, "ba komai, ranka ya daɗe, mun saba" za ka ji. Ni dai na fi yarda da numfashinsa. Ja shi da hira yana cikin aiki. In ba ya iya ƙarasa magana sai da haki, aikin ya wuce matsakaici. In ka yi kokwanto tsakanin gida biyu, ɗauki na sama.

Alƙaluman nan kuma an gina su ne a kan mutum mai kilo 70. Mai kilo 90 da ke aikin wat 300, nasa ya kusa 385, ya doshi gidan mai nauyi ke nan. Rigar leda irin ta masu feshin magani ita ma ƙari ce babba, domin gumi ba ya bushewa a cikinta.

Saura sabon zuwa, ɗan ci-ranin da ya sauka jiya, ko wanda ya tashi daga jinya. Shawarar NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ga sabon ma'aikaci ita ce kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na aikin zafi a ranar farko, a riƙa ƙara masa abin da bai wuce kashi 20 ba kullum. A wurarenmu kuwa, shi ake fara miƙa wa diga.