Yadda ake riƙon injin 1.9 TDI ya daɗe yana aiki

Injin dizal na 1.9 TDI da kamfanin Volkswagen ya ƙera ya fara fitowa ne a 1991 cikin Audi 80, daga nan ya bazu cikin Golf da Passat da Audi A4 da Skoda Octavia. Silinda huɗu ne, bawul takwas, girmansa cc 1,896. Ya yi suna wajen juriya, kuma ya cancanci sunan. Sai dai sunan nan ne ke sa masu shi sakaci, har ka ji mutum yana alfahari wai bai tuna yaushe rabonsa da yin juye ba. Kusan duk wanda na gani an sauke an farke, abu uku ne suka kai shi: bakin mai marar kyau, tayimin bel da aka manta da shi, da tuƙin lallaɓawa.

Kafin ka sayi ko da filta ce, ka san wane iri ne a motarka, don iri biyu ne. Tsohon yana da famfo guda da ke raba mai ga nozul huɗu, kana buɗe bonet za ka ga siraran bututun ƙarfe huɗu a gaban injin. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne ALH, mai ƙarfin doki 90 da ƙarfin juyi Nm 210. Na biyun shi ne PD, wanda ya shigo a ƙarshen shekarun 1990. Shi kowace silinda da nata famfon haɗe da nozul a cikin kan injin, kamshaf ne ke danna su, matsin man kuwa yana kai bar 2,050. Akwai mai doki 130 da Nm 310, akwai mai doki 150. Haruffa ukun da ke nuna irin injin suna kan takardar da aka manna a murfin tayimin bel, ko a but kusa da safayar taya.

Wannan bambanci a bakin mai ya fi muhimmanci. A injin PD, kamshaf ɗaya ne ke buɗe bawul kuma yake danna nozul, saboda haka tudun da ke buɗe bawul ɗin sirara ne, nauyin da ke kansu kuma mai yawa. Man da bai dace ba yana barinsu su cinye a hankali, ba ƙara ba alama, sai ranar da inji ya fara rawa yana tari ta wajen shaƙar iska. Ka juya galan ɗin ka karanta bayansa, ka nemi lambar VW 505 01. Idan babu ita, ka ajiye shi komai kyan galan ɗin, komai zaƙin bakin mai sayarwa. Injin yana shan lita huɗu da ɗan ɗori. Ni ba na bari a wuce kilomita 10,000 ba a yi juye an canza filta ba, duk da akwai tsarin kamfani da ke yarda a kai 30,000 da wani mai na musamman. Ban taɓa aminta da wannan tsarin ga injin da ya tsufa ba. Kuma kada hankalinka ya tashi don ka ga sabon mai ya yi baƙi bayan kwana biyu, halin dizal ne.

Da wannan man turbo ke rayuwa, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji. Sandar cikinsa tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti guda, kuma a kan ɗan siririn mai take shawagi. Idan ka tayar da mota da safe, ka tafi a hankali har allurar zafi ta motsa kafin ka taka totur sosai. Idan ka dawo daga doguwar tafiya da gudu, ka bar inji a sulo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. In ka kashe nan take, man da ya tsaya cikin turbo mai zafi yakan ƙone ya zama gawayi.

Ga inda masu tausayin mota ke cutar da ita. Yawancin waɗannan injuna suna da turbo mai ƙananan fikafikai a ciki, suna buɗewa suna rufewa gwargwadon buƙata. Wanda kullum yake lallaɓa mota a babbar giya, allurar juyin inji ba ta wuce 2,000, fikafikan nan ba sa motsawa sosai, sai toka ta daskarar da su. Alamar ba ta ɓuya: kana hawan tudu ko kana ƙoƙarin wuce babbar mota, sai ƙarfi ya ɗauke ɗif, in ka kashe ka sake tayarwa ya dawo. Kwamfutar motar ce ta ga iska ta yi yawa ta rage wuta don ta tsare injin. Kada ka yarda a ce maka sai sabon turbo tun ba a duba siraran tiyon da ke jan iska ba, da bawul ɗin N75 da ke juya fikafikan, da na'urar auna iska da ke bayan filtar iska. Sau da yawa tiyo ne ya tsage. Rigakafin kuwa ya fi komai daɗi: duk mako, bayan inji ya yi zafi, ka hau buɗaɗɗiyar hanya ka ja shi a giya ta uku har allura ta haura 3,500, ka maimaita kaɗan.

Irin wannan tokar ce kuma ke bi ta bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. Tana haɗuwa da tururin mai ta zama kamar kwalta, ta cike hanyar iska. Kwance bututun ake yi a wanke shi a waje. Kada a kankare shi yana jikin inji, ɓarɓashin zai faɗa silinda.

Tayimin bel ba ya gargaɗi. Ya tsinke, fistin ya haɗu da bawul, aiki ya zama na kan inji gaba ɗaya. Wa'adinsa ya bambanta daga mota zuwa mota, littafin motarka ne ke da magana. Ni dai ba na wuce kilomita 90,000 ko shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa. A canza shi tare da famfon ruwa da tayoyin da ke ɗaure shi. Idan ka ga makanike ya ɗauko fenti zai yi alama a maimakon ƙarafan kulle kamshaf da kiranshaf, ka ɗauke motarka. Mota ta hannu kuma, in babu takardar shaidar canji, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Man dizal ɗin da kansa shi ke shafa wa famfo da nozul mai, shi ya sa ruwa da datti ke yi musu illa. Ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar dizal, kuma in an sa sabuwa a cika ta da mai tukuna, kada a yi ta azabtar da kik da batir. In aka yi kuskure aka zuba maka fetur, ko makulli kada ka murɗa, a zuƙe tankin a inda motar take. Ruwan lagireto kuwa G12 ne nasa, kuma allurar zafi ta zauna a 90. In ba ta kaiwa can, tamostat ya mutu a buɗe, mota za ta ƙara shan mai ta ƙara tara toka.

Ka riƙa leƙa madubi kana ganin abin da ke fita daga salansa. Baƙin hayaƙi, iska ta yi kaɗan ko mai ya yi yawa. Fari lokacin tayarwa cikin sanyi, a duba hita, wato filogin da ke ɗumama silinda. Shuɗi shi ne abin tsoro, bakin mai ne ke ƙonewa, sau da yawa daga turbo. Idan yoyon ya yi yawa, injin dizal yana iya kama shan bakin mansa, ya yi ta hawa yana kururuwa ko da ka zare makulli. In haka ta faru, ka taka birki da ƙarfi, ka sa giya mafi girma, ka saki kuloci ya shaƙe ya mutu. Mai otomatik sai a toshe bakin shaƙar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba. Bayan nan kada a sake tayar da shi sai an kwance intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, da tiyoyinsa an zubar da man da ya taru a ciki.