Darasi na 7: Bin Sawun Barewa a Bakin Rafi da Fadama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maharbin da ya san aikinsa yakan shiga daji tun kafin lokacin farauta ya kama, ba bindiga, ba baka, sai ido da haƙuri. Hanyar barewa ya je nema: inda take kwanciya, inda take kiwo, da turbar da ta haɗa wuraren nan biyu. Wannan darasi ya fi shafar barewa mai ƙaho mai rassa, irin ta Amurka da Turai da Asiya, amma yawancinsa zai yi amfani ga sauran danginta.

Me ya kai ta bakin rafi?

Mutane da yawa sun ɗauka ƙishirwa ce kawai. Ba haka ba ne, domin barewa tana samun ruwa mai yawa daga ɗanyen ganyen da take ci. Abin da ya fi jan ta shi ne duhuwa. Ƙasar fadama tana riƙe danshi, ciyawa da itatuwa sukan yi kauri. Inda aka share daji aka yi gonaki kuwa, sau da yawa bakin rafi ne kaɗai ke saura da bishiyoyi. Nan za ta bi ba wanda ya gan ta.

Nemi mashigi

Idan lokacinka kaɗan ne, bar komai ka nemi mashigi, wato inda take ƙetare ruwa. Barewa ta iya iyo, kuma ta iya tsalle, amma ba ta son wahala in da hanya mai sauƙi. Takan zaɓi inda ruwa bai yi zurfi ba, ƙasansa yashi ne ko tsakuwa, gaɓa kuma ba ta yi tsayi ba.

Duba inda rafi ya lanƙwasa. A gefen waje na lanƙwasar ruwa yana gudu da ƙarfi, yana cin gaɓa, sai ta zama gangare mai tsayi da ruwa mai zurfi. A cikin lanƙwasar ruwa yana tafiya a hankali, yana zubar da yashi. Barewa takan guji gaɓa mai tsayi, ta bi gefenta har inda ta yi ƙasa, ta sauka. Saboda haka turba biyu ko uku sukan haɗu a mashigi ɗaya. Za ka gane shi da tsagin da kofatai suka yi a jikin gaɓa. Ka dubi tsallake ma, domin inda ta shiga akwai inda ta fita.

Laka ita ce ta fi riƙe sawu. Kofaton barewa rabe yake biyu, tsininsa yana nuna inda ta dosa. Sawun babba yakan kai santimita 5 zuwa 8 a tsawo. A laka mai laushi za ka ga ƙananan ɗigo biyu a bayan sawun, alamar ƙananan kofatai na baya. Sabon sawu bakinsa a fili yake, bai rushe ba. Tsoho yakan tsage, ko ganye ya faɗa ciki. Sawu guda ba ya isa hujja. Abin da ake so shi ne sababbi a kan tsofaffi, manya da ƙanana, masu zuwa da masu komowa.

Sauran alamu

Kashinta ƙanana ne, dunƙule-dunƙule kamar na akuya. Sabo yana da laushi da sheƙi. Makwancinta kuwa ciyawa ce da ta kwanta daidai girman jikinta, galibi a wani ɗan tudu da ruwa ba ya hawa. Barewa ba ta da haƙoran gaba na sama, don haka reshen da ta ci yakan yage, ba ya yankewa sumul. Namiji yakan goga ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa har ɓawo ya saluɓe, yakan kuma tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshen da ya sauko.

Iska

Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Hancin barewa ya fi idonta aiki. A kwari kuma iska ba ta tsayawa kan hanya ɗaya, tana bugun gaɓa da bishiyoyi tana juyawa. Ga wani abu: da safe, in rana ta ɗumama ƙasa, iska takan hau tudu. Da yamma, in gari ya yi sanyi, takan gangaro kwari ta bi rafi zuwa ƙasa. Barewa kuwa ta fi yawo da asuba da gab da magariba. Ka watsa ɗan toka ka ga inda ya nufa. Idan ya nufi makwancinta, ta riga ta san da zuwanka.

Shi ya sa ya fi kyau ka yi binciken da tsakar rana, sa'ad da take kwance tana tuƙa. Kada ka kutsa makwancin, ganinsa daga nesa ya wadatar. In ruwan bai yi zurfi ba, ka bi ta ciki. Gaɓa za ta ɓoye ka, kuma ba za ka bar warin ƙafarka a turbarta ba. Wurin fako kuma ka zaɓe shi a ɗan sama da mashigi, inda iska ta fi tsayawa kan hanya ɗaya.

Hattara

Rafi yana iya cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi a can nesa. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. In ka dawo, ka duba jikinka saboda kaska. Ka nemi izinin mai fili da lasisi, ka kuma san watannin da doka ta yarda a yi farauta, da irin dabbar da ta hana a taɓa.

Aiki

Zana rafin da ka bi a takarda. Sa alamar X a kowane mashigi, ka ja kibiya ta nuna inda iska ta nufa. A ƙasa ka rubuta kwanan wata da lokaci. Bayan an yi ruwa ka koma, ka rubuta mashigin da ya fi sababbin sawu.