Ka buɗe reshe a Nijar ko Ghana amma yaran shago sun gagare ka? Ga inda ake kwafsawa

Masu gyaran waya da gidajen abinci da wanki da guga da teloli na Kano da Katsina suna ta tsallaka boda yanzu, wani Maraɗi wani Yamai wani ma har Kumasi. Kuɗin haya da na kaya kowa ya iya lissafinsu. Inda ake tuntuɓe wajen yaran da za a ɗauka ne a can, bayan wata biyu sai ka ji oga yana cewa "wlh yaran garin nan basa son aiki", alhali in ka bi diddigi ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu komai.

Babban kuskuren shi ne a ɗauki tsarin ubangida da yaronsa a tsallaka da shi yadda yake. A Farm Center, kasuwar waya ta Kano, yaro zai yi shekaru yana kallo, ana aikensa siyo abinci, yau ya kwance sukurin gobe ya canza sikirin, har wata rana a yaye shi. Abin yana tafiya ne saboda babansa ne ya kawo shi ya damƙa maka, unguwarku ɗaya, akwai kunya a tsakani. Wanda ka ɗauka a Damagaram bai san gidanku ba, aiki yazo yi a biya shi ƙarshen wata, kuma kai ma baka da shekara uku da zaka jira ya koya da ido tunda haya tana ci. To dole koyarwar ta zama aiki mai zaman kanta. Ka zauna ka rarraba aikin daki daki, yadda ake tarbar kwastoma, yadda ake rubuta abinda ya kawo da lambarsa, me ake dubawa kafin a faɗi farashi, me ake cewa in aiki ya ɓaci. A nuna masa, yayi a gabanka, sannan ka sa shi ya koyawa na kusa da shi, a nan ne zaka gane ko ya shiga kansa. Kuma kar ka dogara da takarda, da yawa a Nijar da Faransanci suka yi makaranta, Hausar boko tana musu wuyar karantawa duk da ita suke yi a gida. Ɗan bidiyo na minti biyu ko muryar WhatsApp yafi shafi goma amfani.

Sai maganar wa ake turawa. Kusan kullum ƙanin oga ne ko ɗan yayarsa, don kar a ci kuɗi. Amana daban iya koyarwa daban jama'a. Wani ya iya aiki sosai amma baya iya bayani, in yaro yayi kuskure sai ya fizge ya ƙarasa da kansa yana tsaki, a gaban kwastoma ma. Ka tura mai haƙuri ko da ba shi ne gwanin shagon ba, ka yanka masa ranar dawowa, kuma tun satin farko a ware ɗan gari ɗaya da kowa ya san shi ne zai riƙe wajen. Waɗanda basu yi haka ba sun ji a jikinsu lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, duk reshen da ba ya motsi sai an zo daga Kano tsayawa yayi cak.

Wani abin kuma, muna ɗauka tunda ana jin Hausa shikenan gida ne. A Maraɗi eh, amma Yamai Zabarmanci yana da ƙarfi sosai, a Kumasi in ka fita daga zango Twi ake yi. Ga lissafin kuɗi, a Nijar da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jaka kuwa sefa 1,000 ce ba naira 200 irin tamu ba. Mai koyarwar da bai san wannan ba shi yaran zasu dinga yiwa dariya a bayan ido, daga nan kuma ba mai ɗaukar maganarsa da muhimmanci. Haka biyan kuɗi, kai ka saba da OPay da Moniepoint, can kuma Nita ne da Amana da Airtel Money, a Ghana MoMo. Gaskiya satin farko ku ya kamata ku zama ɗalibai, ku tambaye su yaushe gari ke cika, wane irin yaji mutane ke so a miya, wane ɗinki ake yayi, ya ake gaida babba. Abinda ya shafi inganci da tsafta da riƙon amanar kayan mutane shi ne ba'a sassautawa, sauran a bar musu su gyara yadda ya dace da garinsu.

Doka kam mutanenmu basa son jin zancenta sam. A ce wai "tirenin yake yi" a riƙe mutum wata shida ba albashi sai kuɗin abinci, ran da kuka ɓata ya kai ka wajen sufeton ƙwadago kai ne baƙo, kai zaka sha wahala. A rubuta kwantiragi ko da shafi ɗaya ne, tsawon lokacin gwaji, nawa za a biya a ciki, nawa bayansa. A yi musu rajista da hukumar fanshon ma'aikata, CNSS a Nijar, a Ghana kuma SSNIT inda oga ke zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi ma'aikaci kashi 5.5. Masu sha'awar Ghana ma ku bincika kafin ku kama shago, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe aski da gyaran gashi da ƙananan tallace-tallacen kasuwa ga 'yan ƙasa kaɗai, kuma akanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka takardun wanda zaka tura ka tambaya sabo, kar kace ai da haka ake yi.

Akwai kuma masu ɓoye sirrin sana'a don kar yaro ya iya ya buɗe nasa. Zai tafi ɗin dai ko ka koya masa ko baka koya ba, bambancin kawai in baka koya ba duk aiki mai wuya sai an ɗoro shi a mota zuwa Kano kwastoma yana jira sati guda. Gara ka koyawa mutum biyu kowane aiki, ka ɗaura ƙarin albashi akan kowane mataki da mutum ya haye, wanda zai riƙe shagon kuma ka yanka masa kaso a riba a rubuce.