Kafin ka biya kuɗin laftof ta hannu, duba batirinta

Jama'a, duk mai shirin sayen laftof ta hannu, a kasuwannin Beirut Road ko Farm Centre da ke Kano, kada ya tsaya ga "batirinta na yin awa huɗu". Kwamfutar da kanta za ta faɗa maka gaskiya.

Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, ka buɗe. A baƙin allon rubuta:

powercfg /batteryreport

Sai ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi.

Lamba biyu za ka duba. "Design capacity" shi ne ƙarfin batirin tun daga kamfani, "Full charge capacity" kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne, na biyu 25,000, to rabi ya tafi, ko da kana ganin 100% a ƙasan allo. Wannan 100% ɗin na abin da ya rage ne. Ni dai in na biyun ya gaza kashi 70 na na farkon, sai a cire min kuɗin sabon batiri daga farashin laftof ɗin. Ga wutar nan tamu, ga zafin Kano mai cin batiri.

Amma fa daga Windows 8 zuwa sama yake aiki, ban da MacBook. In kuma batirin jabu aka sa, lambobin kan yi ƙarya. Don haka ka zare caja a nan shagon, kunna bidiyo na minti 15, ka ga kashi nawa ya sauka.