Kurakuran da aka fi yi wajen ɗanɗana giyar IPA ta Amurka da ba ta maki

Sau da yawa ƙaramin makin da ake ba IPA (India Pale Ale) ba laifin mai dafa ta ba ne, laifin ajiya ne da yadda aka zuba ta. Giya ce da aka gina a kan furen hop, wani tsiro mai ba giya ɗaci, kuma man da ke cikin furen, wanda ke ba ta ƙamshi, shi ne abin da ya fi saurin gudu.

Kuskure mafi muni shi ne buɗe gwangwani ba tare da duba ranar da aka cika shi ba. Ka kifa shi, yawanci ana buga ranar a gindinsa. Idan ta wuce kamar wata uku, musamman in ba a firji ta zauna ba, ƙamshin ɓawon lemo ya riga ya dushe, launin ya fara duhu, wani lokaci har ka ji warin jiƙaƙƙen kwali. Iskar da ta shiga ce ta yi ɓarnar. Irin wannan a ajiye ta, a nemo sabuwa kafin a yanke hukunci. Hasken rana ma abokin gaba ne: cikin 'yan mintuna yakan sauya sinadaran ɗacin hop, giyar ta ɗauki wari irin na bodari. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi koriya kariya, gwangwani ya fi duka.

Sai sanyi. Tsananin sanyi yana rufe ƙamshi, a bar ka da ɗaci kawai. Tsakanin digiri 7 zuwa 10 ya dace, don haka ka fito da ita ta huta kamar minti goma. Kada ka kafa kai a gwangwani. Ka samu kofin gilashi mai ɗan tsukakken baki, ka karkata shi, in ya kai rabi ka miƙe shi har kumfa ta yi kaurin yatsu biyu. In ka ga ƙananan ƙwayoyin iska sun manne a jikin kofin, ko kumfar ta faɗi nan take, akwai maiƙo ko sauran sabulu. Ka shaƙa gajeru sau biyu ko uku kafin kurɓar farko. Nau'in hop ɗin Cascade, wanda kamfanin giya na Sierra Nevada ya yi suna da shi tun 1980, yana ba da ƙamshin lemo da fure. Nau'in Citra da na Mosaic sun fi karkata ga mangwaro.

Mutane da yawa suna ɗaukar lambar IBU a matsayin ma'aunin kyau. Ba haka ba ne. Adadin sinadarin ɗaci kawai take nunawa, kuma IPA ta Amurka takan faɗa tsakanin 40 da 70. Zaƙin tsiron sha'ir yana iya danne ɗacin, har mai 70 ta fi mai 45 laushi a baki. A kuma bambanta ɗaci da bauri: ɗaci mai tsabta yana wucewa bayan an haɗiye, bauri kuwa yana busar da harshe yana kartar maƙogwaro, kuma aibi ne. Ƙamshin man shanu ma aibi ne.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne rage maki don giya ba ta yi garau ba. Irin ta jihar Vermont a Amurka, kamar giyar Heady Topper, da gangan ake barin ta a gurɓace. Kowace a auna ta da ma'aunin irinta. Takardar alƙalan BJCP, ƙungiyar da ke tantance alƙalan giya, ta raba maki 50 haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayi gaba ɗaya 10. Kamanni ke nan ba su kai abin da ake ɗora musu ba.

In za a gwada da yawa, a fara da mai sauƙi, mililita 60 zuwa 90 kowace, da ruwa da busasshen biskit mara gishiri a tsakani. Alal misali, giyar Pliny the Elder tana da barasa kashi 8 cikin ɗari. In ta zo farko, harshe ba zai ƙara gane sauran ba.