Darasi na 7: Sake Rumfar Ajiya Kafin Damina

A yawancin gidajenmu akwai rumfa a bayan ɗaki ko a gefen tsakar gida. A nan ake jingine fartanya da garma, a nan ake tara itace da dusa da harawar dabbobi. Idan rumfar ta karkata, ko ta fara yoyo, lokacin sake ta shi ne Maris ko Afrilu. Kada ku jira hadarin farko, domin iskar da ke zuwa da shi daga gabas ita ce ke kwashe rufi.

Ku fara da kwashe kaya, amma da sanda za ku riƙa ɗaga su, takalmi a ƙafa. Kunama da maciji suna son inuwar tsohon kaya. Idan akwai wayar lantarki da ta bi ta rumfar, a kashe wuta, a kira mai gyaran wuta ya cire ta. Ana rushewa daga sama: kwano tukuna, sai katakon rufi, sai ginshiƙai. Ku tara tsofaffin ƙusoshi a gwangwani, kada yaro ya taka. Wanda ƙusa ta soke shi ya wanke wurin da sabulu, ya je asibiti ranar a yi masa allurar ciwon sarƙewar haƙora.

Ba duk abin da aka sauke ne na zubarwa ba. Kwanon da bai ci tsatsa ya huje ba zai sake aiki. Katako kuwa, ku ƙwanƙwasa shi da guduma. Idan ya yi ƙarar holoƙo, gara ta riga ta cinye cikinsa, sai murhu.

Rumfa daga ƙafa take mutuwa. Mutane suna kashe kuɗi a kan kwano, su kafa ginshiƙi a ƙasa haka nan, bayan damina biyu ko uku gindin ya ruɓe. Ni kaina na yi wannan kuskuren, kuma ranar da rumfar ta zauna, buhun dusa biyu na rasa. Abu biyu ke kashe ginshiƙi: danshi da gara. Saboda haka ku nemi itacen da gara ba ta cika ci ba, kamar azarar giginya ko ƙirya. Idan katakon kasuwa ne kuka samu, ku shafe shi da maganin gara da masu sayar da katako ke ajiyewa. Wasu suna shafa baƙin mai, wasu kuma suna babbaka gindin itacen har ya yi baƙi. Wanda ke da hali ya sa bututun ƙarfe ya huta.

Ramin kowane ginshiƙi ya kai zurfin ƙafa 2. A zuba tsakuwa kaɗan a ƙasan ramin, a tsayar da ginshiƙi, a cika da kankare. Ma'aunin shi ne bokiti 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A ɗaga kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu, a shafe shi ya gangara, don ruwa ya riƙa guje wa itacen. A yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, wanda ya bushe da wuri rugurgujewa yake yi.

Wani magidanci ya taɓa tambayar kafinta: "Malam, ta yaya zan san kusurwata ta miƙe, ga shi ba ni da kayan aikinku?"

Kafinta ya ce, "Maigida, kana da igiya da abin awo? Daga turke ka auna ƙafa 3 ta wannan gefe, ƙafa 4 ta wancan. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba ka ƙafa 5 cif, kusurwarka ta yi. In bai ba ka ba, matsar da igiya har ya bayar."

Don gane ko ginshiƙi ya tsaya sak, ku ɗaura dutse a zare ku sake shi kusa da itacen. Ginshiƙan gefe ɗaya su fi na ɗayan tsawo da ƙafa 1 ko fiye, don ruwa ya gangara. Ku lura da inda zai zuba: ya nufi magudana, ba katangar maƙwabci ba.

Yanzu lissafin kwano. Mu ɗauki rumfa mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10. Kwanon da aka fi sayarwa tsawonsa ƙafa 6 ne, kuma idan an ɗora gefe kan gefe, falle ɗaya yana rufe wajen ƙafa 2. Layi biyu za a yi, kowane layi falle 7, har da wanda zai leƙo waje. Jimla 14. Bandir ɗaya falle 20 ne, ke nan rumfar ba za ta ci bandir guda ba, kuma wanda tsofaffinsa 6 suka tsira, 8 kawai zai saya.

A fara jera kwano daga ƙasa, layin sama ya hau kan na ƙasa da inci 6. Ƙusa mai hula ake amfani da ita, kuma a kan tudun kwano ake buga ta. Wanda ya buga a kwarin da ruwa ke bi ya buɗe wa yoyo ƙofa. Daga ƙarshe a ɗaure katakon rufi da ginshiƙai da waya mai kauri, domin ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi idan iska ta shiga ƙarƙashinsa. Kada kowa ya hau rufi shi kaɗai, wani ya riƙe tsani.

Tun da kayan aiki suna hannu, ku share indararo da rariya, ku cike tsagar katanga, ku ɗiga mai a ƙarfen ƙofar da ke kuka.

Aikin gida: ku auna tsawo da faɗin rumfar gidanku, ku rubuta a littafi. Ku lissafa falle nawa za ta ci. Ku tambayi farashin falle ɗaya da na buhun siminti a kasuwarku, ku zo da shi aji mu haɗa kuɗin tare.